Tarihin Waƙar Haiku da Shigarta Harshen Ingilishi

Gabatarwa

Haiku gajeriyar waƙa ce ta Japanawa wadda ta bazu a duniya har ta shiga darussan Ingilishi a ƙasashe da dama. Bayanin da aka saba ba ɗalibi a kanta bai wuce jimla ɗaya ba: waƙa ce mai layi uku da gaɓoɓi 17, biyar a layin farko, bakwai a na tsakiya, biyar a na ƙarshe. Bayanin yana da sauƙin haddacewa, yana kuma da sauƙin dubawa a jarrabawa, amma an yi tuya an manta da albasa. Ya bar manyan rukunan waƙar guda biyu a waje, ɗayan da ya kama kuma bai kama shi daidai ba. Abin da Japanawa suke ƙirgawa ya bambanta da gaɓa, kuma galibi a layi ɗaya suke rubuta waƙar, daga sama zuwa ƙasa. Manyan mujallun haiku na Ingilishi ma sun daɗe da daina sharɗanta wannan lissafi ga masu aiko musu da waƙa.

Wannan nazari zai bi sawun haiku daga tushenta a fadar Japan har zuwa shigarta Ingilishi. Manufa ita ce a nuna cewa siffofinta sun samo asali ne daga wani aiki da aka ɗora mata tun farko, wato ta faɗi lokacin shekara, ta kuma rabu gida biyu ta bar wa mai sauraro aikin haɗawa. Wanda ya fahimci wannan aiki zai san abin da ya wajaba ya riƙe da abin da zai iya saki idan ya zo tsara ta da Ingilishi.

Tushe: Waka da Renga

Tsohuwar waƙar fadar Japan sunanta waka. Kamannin da sunan ya yi da kalmar Hausa "waƙa" dacewa ce kawai, babu wata dangantaka tsakaninsu. Siffarta da ta fi shahara tana da yanki biyar a kan ma'aunin 5-7-5-7-7, ita ce ake kira tanka a yau. Ta cika kundin Man'yoshu, mafi daɗewa daga kundayen waƙoƙin ƙasar, wanda aka tattara a ƙarni na 8, da kuma Kokinshu, wanda aka haɗa bisa umarnin sarki wajejen shekarar 905. A wancan zamani waƙa tana cikin ladubban fadawa: da ita ake aika saƙon soyayya, da ita ake bankwana da matafiyi, da ita ake ta'aziyya.

Da tafiya ta yi nisa sai aka fara raba waƙar tsakanin mutum biyu. Ɗaya ya kawo rabin farko mai 5-7-5, ɗayan ya cika da 7-7. Mai nazarin waƙar Hausa zai tuna da tahamisi, inda wani sha'iri yake gina ɗangwaye a kan baitin wani, ko da yake a Japan abin ya zama na zama ɗaya ne, gaba da gaba. Daga nan ya tsawaita ya zama sarƙa: wannan ya kawo 5-7-5, wancan ya kawo 7-7, na uku ya sake kawo 5-7-5, haka har baiti 100. Wannan ita ce renga, wato waƙar da aka ƙulla. A shekarar 1356 Nijo Yoshimoto ya tattara kundin Tsukubashu wanda ya ba ta matsayi a cikin adabi, kuma a 1488 Sogi da almajiransa biyu suka tsara sarƙar baiti 100 a Minase, wadda har yau ake karantawa a matsayin abin koyi. Ƙa'idar renga ita ce kowane baiti ya haɗu da wanda ya gabace shi su ba da ma'ana, sannan ya kauce wa na bayan wancan. Ba labari ɗaya ake bi ba, hoto ne yake haifar da hoto.

Baitin farko na sarƙar shi ake kira hokku, kuma yana da matsayi na musamman. Babban baƙon zaman ne yake yin sa, mai masauki ya amsa da baiti na biyu. Da yake gaisuwa ce ga mai gida da mahalarta, wajibi ne ya ambaci lokacin shekarar da ake ciki. Da yake kuma babu wani baiti a gabansa da zai jingina da shi, wajibi ne ya tsaya da ƙafarsa, ya ƙunshi a cikin kansa irin tsallaken da ake samu tsakanin baiti da baiti. Don haka ake sa masa kalmar yankewa. Ma'auni da kalmar yanayi da yankewa, dukansu daga wannan zama na baƙo da mai masauki suka fito.

Haikai da Zamanin Basho

Rengar fada tana da tsaurin ƙa'ida wajen zaɓen kalmomi. Ba a yarda da maganar kasuwa ko kalmomin aro daga Sinanci ba. A ƙarni na 16 sai wani reshe nata ya yi ƙarfi, wanda ake kira haikai, ma'ana ta raha. Yamazaki Sokan da Arakida Moritake suna cikin magabatansa. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, ƙasar ta samu zaman lafiya mai tsawo, birane suka bunƙasa, ɗab'i ya yawaita, fatake da masu sana'a suka iya karatu. Haikai ta zama waƙarsu. Makarantar Matsunaga Teitoku ta dogara ga wasa da kalmomi, makarantar Danrin ta Nishiyama Soin kuwa ta fi ta sakin jiki da barkwanci.

A cikin wannan yanayi Matsuo Basho ya taso. An haife shi a 1644 a Ueno ta lardin Iga, a gidan ƙaramin samurai. Ya koma birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, a 1672, ya yi suna a matsayin malamin haikai. A 1680 ya ƙaurace wa tsakiyar birni ya tare a wata bukka a Fukagawa. Wani almajirinsa ya ba shi kyautar wani nau'in ayaba da ake kira basho, aka dasa a gefen bukkar, daga nan laƙabin ya bi shi. Aikin da ya yi shi ne ya riƙe harshen yau da kullum na haikai, amma ya mayar mata da zurfin da tsohuwar waƙa take da shi.

Hokkunsa mafi shahara, na shekarar 1686, a kan kwaɗo ne da wani tsohon tafki. Ƙarfinsa ba ya bayyana sosai sai an san al'adar da ya tarar. Ɗaruruwan shekaru mawaƙan fada suna ambaton kwaɗo ne don kukansa. Basho ya yi shiru da batun kukan, ya kawo wani sauti na daban wanda ba a saba waƙewa ba. Mai sauraro na zamaninsa yana jin abu biyu lokaci guda: abin da aka saba faɗa, da abin da aka faɗa a madadinsa.

A 1689 Basho ya yi doguwar tafiya zuwa arewacin ƙasar tare da almajirinsa Kawai Sora, kimanin kwana 150, tazarar kusan kilomita 2,400, galibi a ƙasa. Daga ita ya rubuta littafin Oku no Hosomichi, mai haɗa zube da hokku, salon da ake kira haibun. An buga shi a 1702, shekara takwas bayan rasuwarsa a Osaka a 1694. Abubuwa biyu ya kamata ɗalibi ya riƙe a nan. Na ɗaya, Basho yana ɗaukar kansa gwanin sarƙa ne, musamman mai baiti 36 da ake kira kasen, kuma gajerun baitocinsa hokku yake kiran su. Na biyu, ya shafe shekaru yana gyara littafin tafiyar, kuma da aka buga kundin da Sora ya riƙa rubuta abubuwan kowace rana a 1943, sai aka ga cewa Basho ya sauya wasu abubuwa don amfanin adabi. Wannan zai yi amfani idan aka zo kan ra'ayin da ya yaɗu daga baya a Amurka, cewa haiku rahoto ne na abin da ido ya gani nan take.

Bayan Basho an yi Yosa Buson (1716–1784), mai zane ne, kuma yakan waƙe abin da ya ƙaga a zuci ko ya ɗauko daga tarihi da adabin Sin. An yi Chiyo-ni (1703–1775), mafi shahara a cikin matan da suka yi wannan waƙa a zamanin Edo. An kuma yi Kobayashi Issa (1763–1828), wanda ya rasa mahaifiyarsa yana ƙarami, ya kuma binne ƴaƴansa, ya bar baitoci wajen 20,000, da yawansu a kan ƙwari da ƙananan halittu da talakawa. A wannan ƙarni na 18 ne kuma wani reshe ya ɓalle, wanda aka sa wa sunan alƙalin gasar waƙa Karai Senryu (1718–1790). Senryu tana da ma'aunin 5-7-5 daidai da hokku, amma ba ta buƙatar kalmar yanayi ko ta yankewa, kuma batunta halayen mutane ne da raunin ɗan Adam. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa ma'auni ba shi ne yake tantance haiku ba, tun da Japanawa da kansu suna da nau'i biyu a kan ma'auni ɗaya.

Rukunai Uku

Rukuni na farko shi ne kigo, kalmar yanayi. Akwai littattafai na musamman da ake kira saijiki waɗanda suka jera waɗannan kalmomi bisa lokutan shekara, tare da misalai. Kalmar ba ta tsaya ga nuna lokaci ba, tana ɗauke da abin da magabata suka lulluɓa mata. Idan aka ce "wata" ba tare da ƙari ba, watan kaka ake nufi. Idan aka ce "fure" kawai, furen itacen ceri ake nufi, tare da tunanin kyawun da ba ya daɗewa. Kalma ɗaya tana yin aikin da zai ci layi da yawa, shi ya sa waƙar take iya gajarcewa ba tare da ta zama wofi ba.

Rukuni na biyu shi ne kireji, kalmar yankewa. Ƙananan kalmomi ne irin su ya da kana da keri, kuma wani tsohon jeri ya ƙirga guda 18. Ba su da ma'ana irin ta suna ko aikatau. Sun fi kama da alamar rubutu da ake furtawa da baki, suna dakatar da magana, suna ba ta nauyi. Idan kalmar ta zo a tsakiya sai ta raba waƙar gida biyu, abu biyu su tsaya kusa da juna ba tare da an faɗi abin da ya haɗa su ba.

Rukuni na uku shi ne ma'auni, kuma a nan ɗalibin Hausa ya fi na Ingilishi sauƙin ganewa. Abin da Japanawa suke ƙirgawa sunansa on, za mu iya kiran sa bugu. Gajeren wasali bugu ɗaya ne, dogon wasali bugu biyu, harafin n na ƙarshen gaɓa bugu ɗaya ne shi kaɗai, haka nan rabin farko na baƙi mai shadda. Sunan Tokiyo a bakin masu shi gaɓa biyu ne amma bugu huɗu, domin duka wasulan dogaye ne. Nippon ma bugu huɗu ne. Kalmar haiku kanta bugu uku ce, alhali mai jin Ingilishi gaɓa biyu yake ji. Wannan shi ne bambancin da arulin waƙar Hausa yake yi tsakanin gaɓa mai nauyi da marar nauyi. "Gari" na birni da "gari" na tuwo gaɓa biyu-biyu ne, amma na farko bugu uku ne, na biyu huɗu.

Shiki da Haihuwar Sunan Haiku

Bayan juyin Meiji na 1868 Japan ta buɗe ƙofa ga ilmin Turai, aka fara kallon tsofaffin nau'o'in adabi da idon tuhuma. A lokacin hokku ya koma sana'ar malaman da ke shirya gasa ta wata-wata, ana ta maimaita hotunan da suka riga suka ƙoshi. Masaoka Shiki, ɗan garin Matsuyama da aka haifa a 1867, ya kai wa wannan hali farmaki a jaridar Nippon. A 1893 ya rubuta suka a kan yadda ake kusan bauta wa Basho, ya kuma ɗaga darajar Buson. Ya ce sarƙar da mutane da yawa suke ƙullawa ba adabi ba ce, ya yanke baitin farko daga jikinta, ya tabbatar masa da sunan haiku a matsayin waƙa mai zaman kanta ta mutum ɗaya.

Hanyar da ya koyar ita ce shasei, wato zana abu kamar yadda yake a gaban ido. Ya aro wannan tunani ne daga masu zane na Japan da suka koyi salon Turai. Ke nan haikun da Turawa za su karɓa daga baya a matsayin tsantsar al'adar Gabas, ta riga ta sha ruwan Turai tun kafin ta bar gida. An kafa mujallar Hototogisu a Matsuyama a 1897 don yaɗa ra'ayinsa. Shiki ya yi shekarunsa na ƙarshe a kwance da tarin fuka wanda ya kama ƙashin bayansa, ya rasu a 1902 yana da shekara 34.

Almajiransa sun rabu bayansa. Takahama Kyoshi, wanda ya riƙe Hototogisu, ya dage a kan 5-7-5 da kalmar yanayi. Kawahigashi Hekigoto ya nemi sassauci, kuma daga wannan ɓangare ne aka samu masu haiku marar ma'auni irin su Ozaki Hosai da Taneda Santoka. Saɓanin bai tsaya a takarda ba. A 1940 ƴan sanda suka kama wasu mawaƙan sabon salo da ke da alaƙa da mujallar Kyodai Haiku ta birnin Kiyoto, bisa zargin cewa waƙoƙinsu suna zagon ƙasa ga hukuma a lokacin yaƙi. A 1946 kuma masani Kuwabara Takeo ya wallafa maƙalar da ta kira haiku fasaha mai daraja ta biyu, yana mai cewa idan aka ɓoye suna ba a iya bambanta waƙar gwani da ta ɗan koyo. Ke nan ko a mahaifarta ba a taɓa daina gardama a kan iyakokin haiku ba.

Ƙetare Teku

Farkon waɗanda suka gabatar da ita ga masu karanta Ingilishi Turawan Ingila ne da suka zauna a Japan. W. G. Aston ya yi bayaninta a littafinsa na tarihin adabin Japan a 1899, Basil Hall Chamberlain kuma ya rubuta doguwar maƙala a kan Basho a 1902. A 1904 mawaƙin Japan Yone Noguchi ya yi kira ga mawaƙan Amurka da su gwada hokku. Sai dai Faransanci ya riga Ingilishi karɓar ta hannu biyu. A 1905 Paul-Louis Couchoud, bayan ya ziyarci Japan, ya fitar da ɗan littafin Au fil de l'eau tare da abokansa biyu, kuma a 1916 Julien Vocance ya yi amfani da siffar wajen waƙe abin da ya gani a ramukan yaƙin duniya na farko.

A Ingilishi, abin da ya fi tasiri shi ne waƙar Ezra Pound mai layi biyu a kan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta birnin Faris, wadda mujallar Poetry ta buga a Afrilun 1913. Pound ya ba da labarin cewa ya fara rubuta ta da layi 30, ya yi ta ragewa har ta koma haka, kuma ya ce daga hokku ya koyi ɗora hoto ɗaya a kan wani. Bai ƙirga gaɓa ba, bai kuma yi layi uku ba. Abin da ya ɗauko shi ne yankewa.

Babban yaɗuwa ya zo ne bayan yaƙin duniya na biyu. R. H. Blyth, Baturen Ingila da aka tsare a Kobe lokacin yaƙin, ya fitar da littafi mai juzu'i huɗu a kan haiku tsakanin 1949 da 1952. Fassarorinsa ba su bi lissafin gaɓa ba, amma ya ɗaure haiku da aƙidar Zen ta addinin Buda fiye da yadda tarihinta ya nuna. Kenneth Yasuda a 1957 ya fassara da 5-7-5 da amsa-amo, ya kuma yaɗa ra'ayin cewa haiku kamun wani ɗan lokaci ne na farkawar zuciya. Harold G. Henderson, malami a jami'ar Columbia, shi ma ya sa amsa-amo a fassarorinsa na 1958, alhali waƙar Japan ba ta san amsa-amo ba. A wannan shekarar Jack Kerouac ya fitar da littafin The Dharma Bums wanda ya sa matasan Amurka da yawa neman littattafan Blyth. Ra'ayin Kerouac shi ne a yi gajerun layuka uku masu faɗin abu mai yawa, a bar ƙirga. Richard Wright, baƙar fatar Amurka marubucin Native Son, ya bi ɗaya hanyar. A watanninsa na ƙarshe a Faransa, kafin rasuwarsa a 1960, ya rubuta haiku wajen 4,000, galibinsu a kan 5-7-5, ya zaɓi 817, waɗanda ba a buga su a littafi ba sai 1998.

Daga nan aka shiga zamanin ƙungiyoyi da mujallu. Mujallar American Haiku ta fara fitowa a 1963. A 1968 Henderson da Leroy Kanterman suka kafa ƙungiyar haiku ta Amurka, mujallar Modern Haiku ta biyo baya a 1969, kundin da Cor van den Heuvel ya tattara ya fito a 1974, ƙungiyar haiku ta Birtaniya kuma aka kafa ta a 1990. A cikin waɗannan shekaru ne mawaƙan suka lura da matsalar lissafi. Gaɓar Ingilishi tana iya ɗaukar baƙaƙe da yawa. Kalmar strike gaɓa ɗaya ce, amma da ta shiga Japananci sai ta zama bugu biyar, kamar yadda bread mai gaɓa ɗaya ta zama burodi mai gaɓa uku a Hausa. Gaɓa 17 na Ingilishi sun fi bugu 17 na Japananci tsawo da yawan bayani. William J. Higginson, a littafinsa The Haiku Handbook na 1985, ya nuna cewa kimanin gaɓa 12 na Ingilishi ne suke daidai da tsawon haikun Japan. Ma'anar da ƙungiyar Amurka ta sabunta a 2004 ba ta sa lissafin gaɓa cikin sharuɗɗa ba. A 1998 kuma Haruo Shirane, a littafinsa Traces of Dreams, ya gyara ɗaya kuskuren, ya nuna cewa waƙar Basho tana tsaye ne a mahaɗar hanya biyu: ta abin da ke gaban ido a yau, da ta abin da magabata suka faɗa.

Tsara Haiku da Ingilishi

Daga wannan tarihi ana iya fitar da hanyar aiki. Na farko, a fara da yankewa. A gina waƙar da kashi biyu, guntun furuci a layi ɗaya da jimla ko rabin jimla a layi biyu. Ingilishi ba shi da kireji, don haka ake amfani da dogon karan ɗori, ko ɗigo uku, ko kuma a bar karyewar nahawu ta yi aikin. Kada a haɗa kashi biyun da kalmomi irin su because ko like, domin wannan aikin mai karatu ne.

Na biyu, a kafa lokacin shekara da abu ɗaya da ake gani ko ake ji. Kalma ɗaya ta isa. Na uku, a kawo abin da ya jawo shauƙi, a bar sunan shauƙin. Na huɗu, a taƙaita: gaɓa 10 zuwa 14 sun fi yawa a mujallun yau, ko kuma a auna da gaɓoɓi masu ƙarfin furuci, biyu da uku da biyu, tun da karin waƙar Ingilishi a kan ƙarfin furuci aka gina shi. Na biyar, a bar harshen ya tafi yadda masu shi suke magana. Kada a cusa kalma don cika lissafi, kada kuma a jefar da the ko a don rage shi. Galibi ba a sa take, ba a yin amsa-amo, kuma ana amfani da lokaci mai ci.

Ga misali biyu da aka tsara don wannan darasi. Na farko ya cika 5-7-5 daidai:

The cold harmattan
is blowing over the town
and it makes me sad

Ma'anarsa ita ce iskar hunturu mai sanyi tana kaɗawa a gari, kuma tana sa ni baƙin ciki. Jimla ɗaya ce aka karya gida uku. Babu yankewa, kalmar cold maimaici ce domin hunturu ya riga ya ƙunshi sanyi, layin ƙarshe kuma ya faɗi abin da ya kamata mai karatu ya ji da kansa. Na biyu gaɓa 13 ne:

harmattan dusk—
the tea seller counts his coins
by touch

Almurun hunturu a gefe ɗaya, mai shayi yana ƙirga silallansa da lalube a ɗaya gefen. Ba a ambaci hazo ko duhu ko ƙarancin ciniki ba, amma wanda ya san lokacin zai kawo su da kansa. Wannan ba ya nufin 5-7-5 haramun ne. Wright ya yi kyawawan waƙoƙi a kansa, kuma ɗalibin da malami ya umarta da bin lissafin sai ya bi. Sai dai ya sani cewa lissafin ado ne da ake iya ƙarawa bayan an samu yankewa da yanayi.

Batun yanayi yana da muhimmanci na musamman ga mai rubutu daga wannan yanki. Saijikin Japan an gina shi ne a kan yanayin wata ƙasa mai dusar ƙanƙara da furen ceri. Wanda yake Damagaram ko Garwa ko Tamale ba shi da dalilin aro su, domin bazara da damina da kaka da hunturu suna da nasu alamomi da jama'a suka riga suka sani. Dawowar shamuwa tana shelar damina ba sai an faɗa ba, kuma gawo yana zubar da ganye lokacin da sauran itatuwa suke kore. Irin wannan sani na tarayya shi ne ainihin abin da kigo yake nufi. Mawaƙan Afirka ta Yamma sun riga sun kama wannan hanya: Adjei Agyei-Baah na Gana da Emmanuel Jessie Kalusian na Nijeriya sun kafa mujallar The Mamba a 2016 don haikun Afirka.

Kammalawa

Haiku ta fara ne a matsayin baitin gaisuwa a zaman renga, Basho ya ba ta zurfi, Shiki ya yanke ta daga sarƙa ya tabbatar mata da suna, Turawa kuma suka karɓe ta a hankali, kowane zamani yana ɗaukar wani sashe yana barin wani. Pound ya ɗauki yankewa, Blyth ya ɗauki Zen, littattafan makaranta suka ɗauki lissafi. Daga cikin rukunai uku, ma'auni ne ya fi wahalar ƙetarawa, domin ya dogara ga sautin Japananci. Yanayi da yankewa kuwa kowane harshe yana iya ɗaukar su. Ɗalibin da ya gama tsara waƙarsa sai ya yi mata tambaya biyu kafin ya fara ƙirga da yatsu: wane lokaci ne na shekara, kuma ina ne ta rabu gida biyu?